Rabona a Injin Marigayi

Abin da zan faɗa ya faru ne bayan canjin kuɗi, wancan da ya mayar da mu ba da shinkafa a ba mu manja kamar zamanin iyayenmu. Ambaliyar da ta cinye mana fadama ta riga shi, rufe boda kuma ya riga ambaliya. Ɗana na fari bai ga ko ɗaya cikin ukun nan ba. Ana saura damina guda a rufe boda ya kwanta da ciwon ciki, bai tashi ba. Ban taɓa kiran sunansa yana raye ba, don ɗan fari ne, ba kuma yanzu da haƙora suka zube zan fara ba. Marigayi nake ce masa, kowa a unguwarmu nan Bagudo ya san wanda nake nufi.

Ya bar gona da awaki, ya bar mace ɗaya, ɗa namiji da 'yan mata biyu. Ya kuma bar mashin. Ba irin na 'yan kabu-kabun yanzu ba ne. Wani ƙato ne baƙi da ya sayo na hannu daga ƙetare, wai ma'aikatan daji na can ne suka gaji da shi suka sayar. Sai namiji ya taka ƙasa da ƙarfi yake iya riƙe shi. Ni turara shinkafa ce sana'ata tun ina da ƙarfin ɗaga tukunya ni kaɗai, kuma a bayan wannan mashin buhunana suka zaga kasuwannin ƙasar nan. Idan aka taka shi da safe sai ya yi tari sau biyu kamar tsoho mai shan taba, sannan ya saki wata murya mai kauri da kake ji a ƙirjinka kafin kunnenka. Kajin unguwa ma sun san shi, ba sa gudu.

Ranar rabon gado mashin ɗin yana jingine a gindin rumbu, ya mutu tun farkon jinyar mai shi, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Malamin da ya yi rabon, wanda shi ne limamin unguwarmu, ya raba gona da awaki, ya ba ni sudusina na uwa, ya ba surukata tumuninta, saura na 'ya'ya. Da ya zo kan mashin sai ya ce ba a san ko dukiya ba ce ko tarkace, a bar shi sai ranar da aka samu wanda zai yi masa kuɗi. Kowa ya ce to. Aka shafa fatiha aka watse, aka manta.

Jikana bai manta ba. Shi ne namijin da marigayi ya bari, lokacin gemu ya fara tsiro masa. Mai gidana nake ce masa, shi kuma ya ce mini amarya, wasan jika da kaka dai. Ya ja mashin ɗin nan zuwa wurin wani bakanike abokin babansa da ke bakin tasha, suka yi rani guda suna kwancewa suna ɗaurawa. Gangar jikin ta riga ta ruɓe, amma injin ya tashi. Ranar da na sake jin tarin nan sau biyu ina tsaye a kan tukunya, sai da na nemi turmi na zauna.

Yaron nan akwai abin da ya shige masa rai, tseren motocin Turawa. Kullum waya na hannunsa, ranar da ake yin babba kuwa yana gidan kallo. Wata rana ina tsince shinkafa ya zauna kusa da ni ya kara mini wayar a fuska. Na ga wasu motoci a kwance ƙasa kamar kada ya fito shan rana, tayoyinsu a waje, mutum ɗaya a ciki ba ka ganin komai nasa sai kwanon da ya kifa a kai. Kukansu kamar sauro ya shige maka kunne. Jikinsu kuma duk rubutu, babu wurin da za ka aza yatsa. Ya ce kowane rubutu da nake gani kuɗi ne aka biya, kuɗin da zai sayi Bagudo da kasuwarta. Ya ce har injin da ke ciki, sau da yawa wani kamfani ne ke ƙera shi, wani dabam ya zuba dukiya a manna sunansa a kai, duniya ta riƙa cewa nasa ne ya ci. Wai har masu sayar da agogo sun taɓa sa sunansu a kan inji, su da ba su taɓa ƙera ko noti ba.

Na tambaye shi shi wanda ya ƙera fa, ya ce an biya shi ya yi shiru. Na ce to in motar ta kashe ɗan mutanen da ke ciki, wa uwarsa za ta riƙe, mai suna ko mai ƙira? Ya yi dariya har ya zubar mini da shinkafa.

"Amarya, ke dai tsaya ga tukunyarki. Mi kika sani ga mota?"

Na ce ya tsince abin da ya zubar kafin in nuna masa abin da na sani ga muciya.

Mu ma muna da namu tseren, in za a kira shi tsere. Daga rakiyar amare ya samo asali, samari suna rige-rigen wa zai riga isa ƙofar ango. Da abin ya yi musu daɗi sai suka daina jiran biki. Bayan an kai amfanin gona gida, su taru a hanyar burji tsakanin Kende da Kurgu, su jera mashina, wani ya ɗaga ƙyalle ya sauke. Dattawa sun yi faɗa har sun gaji. Mai gidana tun yana ara na abokai ya yi suna a wurin, wai ba ya sassautawa a kwana.

Sai ga wani Alhaji daga wajen Tsamiya, mai shago nan da shago a ƙetare. Ya shigo da wasu mashina sababbi a kwali, masu wani tambari ja da ba a saba gani ba. Araha gare su, ga sheƙi, amma 'yan kabu-kabu sai su ƙwanƙwasa tanki da farce su ce gwangwanin madara, su wuce. Kaya suka ƙi tafiya. Shi ma ashe yana shiga gidan kallon nan, kuma abin da jikana ya gani a motocin Turawa shi ma ya gani, sai dai shi da idon ɗan kasuwa. Ban san ranar da suka ƙulla ba. Na dai ga yaro ya shigo gida da sabon mashin ja, da riga mai rubutu gaba da baya, da hular kwano, ya ce Alhaji ne ya ɗauke shi ya riƙa hawa masa a tsere.

Da safe ya taka shi a zaure. Ya yi tari sau biyu.

Na fito da ludayi a hannu na tsaya ina kallon jan mashin ɗin nan yana magana da muryar ɗana. Yaro ya ga fuskata, ya kashe, ya ja ni gefe ya roƙe ni in rufa masa asiri. Sun ciro injin kwali sun ajiye, sun dasa na babansa, bakanike ya goge tsohon sunan da magagari, aka shafa fenti, aka buga jan tambarin Alhaji a wurin. Ya ce ba sata ba ce, haka manyan duniya ke yi, kuma Alhaji ya yi masa alkawarin shago nasa na kansa in kaya suka tafi. Na ce Allah ya sa alheri. Me zan ce? Maraya ne ya ga hanyar abinci.

Ya je Kende ya ci tsere, aka ce tazarar da ya ba na biyu sai da ƙurarsa ta kwanta kafin wancan ya iso. Aka rako shi gida da hon da ihu. Kafin kasuwa ta zagayo, jajayen mashina sun fara yawo a gari. Wata Bafillatana mai kawo mana nono daga rugar wajen Matsinkai ta sauke ƙwaryarta a tsakar gida ta ce mini ta ji abin mamaki a hanya, ta ji marigayi ya wuce ta, ta waiwaya sai ta ga wani ja. Na ce mata tsufa ne ya fara taɓa mata kunne, ta rage ruwan da take zuba wa nono ko ta warke. Ta ce ruwan da take zubawa bai kai tsakuwar da nake barin wa shinkafa ba. Muka yi dariya, amma da ta tafi na kasa cin abinci.

Ba asirin ne ya hana ni ci ba. A zaure yake kwana da mashin ɗin, ni kuma ni ke share zaure, don ba na son sharar 'yan matan yanzu. Ina sunkuye da tsintsiya na ga wurin da aka ɗaure inji da ƙarfen da ya sauko daga wuyan mashin. An yi walda a wurin, an shafe da baƙin fenti, kusa da waldar kuma ga wani layi siriri kamar gashi. Na yi shekaru ina kallon tukwane da gangunan turara suna mutuwa a kan wuta, duk da irin layin nan suke farawa. Na zare tsinke ɗaya daga tsintsiya na gwada. Bai shiga ba. Na ce to ƙila fenti ne ya tsage.

Na mayar da shi aikina. Kullum in na zo shara sai na gwada. Wata safiya bakin tsinken ya kama. Bayan ya yi wani gwaji a hanyar Kurgu, tsinken ya shige har ya tsaya da kansa ban riƙe ba.

A daidai lokacin ne aka fara maganar babban tsere a ƙetare, gaba da Tsamiya. Masu mashina za su zo daga garuruwa masu nisa na ƙasar Faranshi, wato maƙwabtanmu na ƙetaren boda, da manyan injuna, masu shaguna kowa ya tsayar da yaronsa da tambarinsa, kamar dai na cikin waya. Alhaji ya sa aka buga hoton jikana a wani ƙaton ƙyalle aka rataya a ƙofar shagonsa, yana tsaye ya dafa jan mashin. Na tambayi masu zuwa cin kasuwa can yadda hanyar take. Suka ce duwatsu ne, da gangara mai tsawo, a ƙarshenta kwalbati, in ka zo da gudu sai mashin ya tashi sama ya diro. Tun daga ranar, ko ina salla sai in ga kwalbatin nan da ban taɓa gani da idona ba.

Na fara da shi kansa. Na kama hannunsa na kai shi zaure na soka tsinken a gabansa. Ya zare ya jefar ya ce za a ƙara walda, ƙarfe ai ba ƙwarya ba ne. Na ce masa ni ba da wasa na zo ba yau. Ya ce ya sani, amma ya riga ya karɓi abin da ya karɓa, hotonsa na rataye, in ya janye da wane ido zai dubi gari. Uwarsa tana jin mu daga ɗaki. Ɗanta na fari ne, ba ta iya buɗa baki a kan lamarinsa gaban mutane, balle gabana. Na dai lura tuwonta ya fara zuwa babu gishiri wata rana, wata rana kuma gishiri sau biyu.

Na ɗauki mayafi na tafi bakin tasha. Bakaniken nan tare suka tashi da marigayi, a ɗakina suka sha fura suna yara, don haka ban yi masa kwana-kwana ba. Ya goge hannu da tsumma ya daɗe yana gogewa. Ya ce, Inna, injin ya fi ƙarfin gidan da aka sa shi. An ƙera ƙarfen kwali don ɗan inji mara nauyi, birkinsa ma haka. Sau biyu yana walda wurin, in ya toshe nan sai ta ɓullo gaba. Ya gaya wa Alhaji a canza ƙarfen gaba ɗaya a sa mai kauri, Alhaji ya ce in aka canza kowa zai gane ba irin na shagonsa ba ne. Na tambaye shi zai kai ƙarshen tsere ko ba zai kai ba. Ya ce Allah kaɗai ya sani. Na ce ban tambaye shi abin da Allah ya sani ba, in ɗansa ne zai bar shi ya hau? Ya sunkuya ya ci gaba da goge hannun da ya riga ya bushe.

Alhaji kuwa da fara'a ya tarbe ni. Ya sa aka kawo kujera da lemo mai sanyi, yana ta Hajiya kaza Hajiya kaza. Na ce masa ban je ba tukuna, ya kira ni Inna kamar kowa. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ce hankalin tsofaffi ne, yaron nan gwani ne, kuma daga wannan tsere shi ke nan, zai ba shi shago ya zauna. Ya ce Turawa da suka fi mu sanin ran mutum ma haka suke yi. Na ce na ga na Turawan a waya, na ga motar ta daki bango ta watse yaro ya fito yana tafiya da ƙafarsa, don sun kashe dukiya a kan gidan da ya zauna ciki kamar yadda suka kashe a kan suna. Shi me ya kashe ban da fenti? Murmushinsa ya ragu kaɗan. Ya sa yaron shago ya naɗo mini turmin atamfa da goro. Na bar su a kan kujerar na fito.

A hanya babu abin da ban saƙa ba. Na yi tunanin in zuba yashi a tanki, sai na ji tsoron kada ya ƙi mutuwa a gida ya je ya mutu a kan gangara. Na yi tunanin in kai ƙara wurin hakimi, to a ƙetare za a yi abin, ba ƙasarsa ba. Na yi tunanin in tsaya a kasuwa in tona, amma wa zai saurari tsohuwa a kan inji? Sai su ce ruɗewa ce, Alhaji ya ƙara walda a tafi. Ranar tsere kuwa sai matsowa take.

Ina zaune a gindin rumbu ina jiƙa shinkafa, ina kallon wurin da mashin ya daɗe a jingine, har yanzu da alamar baƙin mai a ƙasa, sai maganar liman ta ranar rabo ta dawo mini. A bar shi sai an samu wanda zai yi masa kuɗi. Ba a taɓa yi masa kuɗin ba. Ke nan har ranar nan injin ba na jikana ba ne shi kaɗai. Akwai sudusina a ciki.

Liman ya saurare ni har na gama. Tsoho ne mai magana a hankali. Ya ce haƙƙina ne babu shakka, kuma abin da ba a raba ba, magaji ɗaya ba shi da ikon ba da shi haya ko aro sai da yardar saura. Amma ya ce in sani, ba a rabon gado a ɓoye. Sai an kawo abin gaban shaidu, an faɗi ko mene ne, an yi masa kuɗi. Ya tambaye ni ko na san abin da wannan zai jawo wa yaron a gari. Na ce na sani. Na ce gara in riƙa ganinsa yana sunkuyar da kai a hanya.

Aka kira zama a zauren liman bayan la'asar, ana jibi tsere. Labari ya riga mu isa, ƙofar gida ta cika da 'yan kabu-kabu, da yawansu a kan jajayen mashinan da suka saya saboda shi. Aka turo mashin ɗin aka tsayar a tsakiya. Ni ina zaune daga ƙofar cikin gida, surukata da 'yan matan suna bayan asabari. Jikana bai dube ni ba ko sau ɗaya. Alhaji ya zo da babbar riga, ya durƙusa kusa da liman yana magana ƙasa-ƙasa, na ji yana cewa ko nawa ne rabon tsohuwa zai biya yanzu a tashi. Liman ya ce masa da ƙarfi yadda kowa zai ji, to madalla, amma rabonta a cikin me? In injin da ke cikin mashin ɗin nan na shagonsa ne, tsohuwa ba ta da komai a ciki, sai ya faɗa gaban jama'a a sallame ta. In kuwa na marigayi ne, sai a ciro a yi masa kuɗi.

Alhaji ya gyara hula ya ce shi ba bakanike ba ne, a tambayi yaro.

Liman ya juya ga jikana. Bai ɗauko Alƙur'ani ba, ya dai aza hannu a kan gafakar da ke gefensa.

"Ɗana, injin ga na wa ne?"

Ina kallon bayan wuyansa, irin na babansa sak. Na san in ya ce na Alhaji ne, na rasa shi sau biyu, ga ƙarya gaban malam ga kwalbati jibi.

"Na babana ne," ya ce.

Waje ya ɗauki hayaniya. Wani daga cikin samarin ya ce dama shi ya faɗa, nasa ko akuya ba ya cim ma a hawa. Wani ya ce a maido masa kuɗinsa. Alhaji ya tashi ya ce ana jiransa a Tsamiya, ya fita ta gefen da babu mutane. Liman ya sa aka kira bakanike da wani dillalin tsofaffin injuna, aka kwance a nan gaban kowa. Da suka ɗaga injin suka fitar, ƙarfen nan ya buɗe baki, ba tsinke ba, ɗan yatsana ƙarami zai shiga. Jikana ya gani, na ga ya gani, ya kau da kai.

Aka yi wa inji kuɗi. Liman ya ce abu ne da ba ya rabuwa, sai dai magaji ɗaya ya ɗauka ya biya saura, kuma yaro ne mai babban rabo, in yana so shi ya fi cancanta. Ni kuwa ban yi wannan lissafin ba. Sai ƙaramar jikata ta leƙo daga bayan asabari ta ce innarsu ta ce a faɗa wa malam ta bar wa kaka nata rabon, su ma su biyun sun bar mata. Wannan ce maganar surukata kaɗai a cikin lamarin nan duka, ita ma ba da bakinta ba. Da aka haɗa nawa da nasu ya ɗara nasa. Liman ya tambaye shi ko yana da abin biyan mu a hannu. Abin da ya karɓa wurin Alhaji ya riga ya shiga rufin ɗaki. Ni kuwa ina da karsana a rugar Bafillatanar nan. Na ce a ba shi ita. Aka shafa fatiha, bakanike da wani suka ɗauko injin a cikin buhu suka kai ɗakina, na sa suka tura shi ƙarƙashin gado.

An yi tseren ba da shi ba. Aka ce wani daga can ne ya ci, ban tambayi tambarin da ke jikin nasa ba. An sauke ƙyallen hoton, na gan shi daga baya an yi rumfa da shi a wurin mai shayi. Jikana ya sha baƙar magana a tasha, har suna suka laƙa masa wanda ba zan maimaita ba. Ya daina ce mini amarya. Ya gaishe ni da safe a tsaye daga bakin ƙofa, ina kwana kaka, ya wuce. Furar da nake dama masa sai ta kwana a kwano. Haka muka yi rani muka yi damina. Ban ba shi haƙuri ba, don ban ga abin da na yi ba. Sai da ya yi aure matarsa ta haihu, ranar suna ya shigo ya aza mini jinjirin a cinya ya ce ga kishiyarki nan, amarya, sai ki gyara hali. Na ce ta yi kama da shi, Allah ya ba ta haƙuri.

Ya sayar da karsanar ya sayi ɗan mashin na hannu yana kabu-kabu, da rani kuma yana noman shinkafa. Bai daina kallon motocin Turawa ba. Kwanan baya ya nuna mini wata ya ce an canza sunan da ke kan injinta, wani mai kuɗin ya saya, amma masu ƙirar su ne dai na da. Yana maganar idonsa na ƙarƙashin gadona. Na ja tabarma na rufe.

Liman ya rasu a azumin da ya wuce. Bafillatana ta riga shi, 'yarta ce ke kawo nono yanzu, ruwanta ya fi na uwarta yawa. Dillalin ma an ce ya tafi. Alhaji yana nan, ya koma sayar da injin ban ruwa, in ya hango ni a kasuwa sai ya shiga lissafi da yaransa. Bakanike yana nan, idonsa ya yi rauni, wani lokaci yakan zo ya jawo injin ya zuba masa mai ya juya shi da hannu don kada ya daskare, ba na barin ya tayar. Surukata tana nan. Jikana yana nan da ƙafafunsa biyu.

Na tambayi sabon liman, in na mutu wa zai ci injin. Ya ce jikan da ubansa ya riga ni ba ya gadona muddin ina da ɗa namiji raye. Ina da shi, ƙanen marigayi, yana Kende. Sai dai mutum ne mai taushin zuciya, tun jikan nan nawa yana rarrafe bai taɓa iya hana shi komai ba. Na gaya masa sau da yawa abin da nake so a yi da injin, yana cewa to Inna, to Inna, ni kuma na san irin wannan to ɗin.